Aikin Injiniyan Manhaja a Babban Banki: Abin da Ke Faruwa Bayan An Danna “Tura”

Da yamma a bakin titin Isa Kaita da ke Unguwar Rimi a Kaduna, ba a rasa ganin irin wannan: matashi ya yi sayayya a shago, ya ciro waya ya tura wa mai shagon naira 5,000. Nan take alat ya shigo masa cewa an cire kuɗin. Mai shago ya duba tasa wayar, shiru. Wannan na nuna rasit, wancan na cewa shi bai gani a ƙasa ba. Daga ƙarshe sai a ɗora laifin a kan “netwok”, a tsaya jira.

Kalmar netwok ɗin nan ta lulluɓe abubuwa da yawa. Tsakanin wayar mai saye da ta mai shago akwai manhajoji da dama da ke miƙa wa juna saƙo, kuma kowacce mutane ne suka zauna suka rubuta ta. Su ne injiniyoyin manhaja da ke aiki a bankuna da manyan kamfanonin hada-hadar kuɗi. Matasa da yawa masu sha’awar wannan aiki suna ɗauka cewa zana kyakkyawar fuskar manhaja ne kawai. A zahiri, kaso mafi girma na aikin shi ne tabbatar da cewa kuɗin mutum bai ɓace ba kuma bai ninku ba, ko da layi ya yanke ana tsakiyar turawa.

Tafiyar naira 5,000 daga waya zuwa waya

Idan mai turawa da mai karɓa ba banki ɗaya suke ba, saƙon yakan bi ta NIBSS, wato kamfanin da Babban Bankin Najeriya da sauran bankuna suka mallaka domin haɗa bankunan ƙasar da juna. Tsarin NIBSS na tura kuɗi nan take, wanda ake kira NIP, ya fara aiki a shekarar 2011.

Da zarar an shigar da lambar asusu mai alƙaluma 10, manhaja takan tambayi bankin mai karɓa ko asusun wa ke nan. Shi ya sa suna ke bayyana kafin a sa lambar sirri. Ita kanta lambar asusun ba haka kawai ake jera ta ba. A tsarin NUBAN da bankuna ke bi, alƙalami na ƙarshe lissafo shi ake yi daga sauran alƙaluman da lambar bankin, ta yadda manhaja kan iya gane an yi kuskuren rubutu tun kafin ta aika komai.

Bayan an sa lambar sirri, bankin mai turawa zai cire kuɗin daga asusunsa, ya aika saƙo zuwa NIBSS, ita kuma ta miƙa wa bankin mai karɓa. Wancan bankin zai zuba kuɗin a asusun mai shago, ya dawo da amsa. Kowace turawa tana da lambar shaida mai alƙaluma 30, ita ce doguwar lambar da ake gani a jikin rasit, kuma ita ma’aikatan banki ke nema idan an kai ƙorafi. Su kuwa bankunan, sai daga baya suke yin lissafi tsakaninsu, a fitar da abin da kowa ke bin kowa, a biya ta asusunsu da ke Babban Banki.

Amsar da bankin mai turawa ke jira iri uku ce: kuɗi sun shiga, kuɗi ba su shiga ba, ko kuma shiru. Biyun farko ba su da wahala. Ta ukun ce ke hana injiniya barci. Mai yiwuwa saƙon bai isa ba sam. Mai yiwuwa kuma ya isa, an zuba wa mai shago kuɗinsa, amsar ce ta ɓata a hanyar dawowa. Idan manhaja ta yi gaggawar mayar wa mai turawa kuɗinsa alhali sun shiga, banki ya biya sau biyu. Idan ta riƙe su alhali ba su shiga ba, an tauye haƙƙin mai asusu. Don haka injiniya ke rubuta mata umarnin ta sake tambaya, ta jira, ta sake tambaya, in abin ya ci tura ta miƙa wa ma’aikatan da ke daidaita lissafi. Jiran da ake yi a bakin shago sau da yawa wannan ne.

Ba aiki ɗaya ba ne

Sashen fasaha na babban banki ya kasu rukuni-rukuni. Akwai masu gina manhajar waya, waɗanda ke aiki da harsunan kwamfuta irin su Kotlin don Android da Swift don iPhone, ko kuma Flutter da ke ɗaukar duka biyun. Akwai masu kula da layukan USSD irin su *737# na GTBank, *966# na Zenith, *894# na First Bank da *919# na UBA, waɗanda ke aiki ko a ƙaramar waya marar intanet.

Akwai kuma masu aikin bayan fage, waɗanda ke rubuta manhajojin da ke zaune a kan manyan kwamfutocin banki suna karɓar umarni daga wayoyi, da na’urorin ATM, da na POS. A nan Java da C# suka fi yawa, tare da SQL, harshen da ake magana da rumbun bayanai da shi. Katin ATM da na’urar POS suna da tsarin saƙonsu na musamman mai suna ISO 8583, kuma akwai injiniyoyin da kusan duk aikinsu a kansa yake.

A tsakiyar duka akwai uwar manhaja, wadda ke riƙe da babban littafin asusun kowa da kowa. Galibin bankunan Najeriya saye suke yi daga waje: Finacle na kamfanin Infosys da ke Indiya, Flexcube na Oracle, ko T24 na Temenos da ke Suwizalan. Injiniyan banki ba kasafai yake taɓa cikinta ba. Aikinsa shi ne haɗa ta da sauran manhajoji ba tare da ya rikita lissafinta ba. Sannan akwai masu gwaji, masu tsaron intanet, masu kula da rumbun bayanai, da masu rubuta manhajar da ke gano turawar da ke warin damfara.

Ƙa’idoji uku da ba a wasa da su

Ta farko, ba a ajiye kuɗi a kwamfuta da lambobi masu ɗigo irin na yau da kullum. Duk wanda ya rubuta 0.1 + 0.2 a Python ko JavaScript zai ga amsa 0.30000000000000004, saboda yadda kwamfuta ke adana irin waɗannan lambobi. Ɗan bambancin nan ba komai ba ne a manhajar wasa, amma idan ya maimaitu a miliyoyin hada-hada sai lissafin banki ya ƙi daidaita. Shi ya sa ake amfani da nau’in lamba na musamman, ko kuma a ƙirga komai da kwabo: naira 5,000 ta zama kwabo 500,000. Kamfanin Paystack, alal misali, da kwabo yake karɓar adadin kuɗi daga manhajojin da aka haɗa da shi.

Ta biyu, kowace hada-hada gefe biyu gare ta. Idan an cire daga wani asusu, dole a zuba a wani, kuma jimillar gefen biyu ta zo ɗaya. Ba a goge abin da aka rubuta. In an yi kuskure, sabon layi ake rubutawa da zai warware shi, domin mai binciken kuɗi ya ga tarihin abin daga farko har ƙarshe. Wanda ya taɓa ganin alat na “mayarwa” bayan turawa ta gaza, wannan ƙa’idar ya gani tana aiki.

Ta uku, umarni ɗaya biya ɗaya. Mutum kan danna “Tura” sau uku idan waya ta tsaya cik. Ita ma manhaja kan sake aika saƙo da kanta idan ba ta ji amsa ba. Dole kowane umarni ya zo da lambarsa, ta yadda idan kwamfutar banki ta sake ganin lambar za ta gane cewa ta riga ta biya. Wannan na cikin abubuwan da ake yawan tambaya a jarrabawar ɗaukar aiki a kamfanonin kuɗi.

Yadda ranar aiki take

Sabon ma’aikaci yakan yi mamakin ƙarancin lokacin da yake yi yana rubuta sabon abu. Safiya kan fara da ɗan gajeren taro, kowa ya faɗi abin da ya yi jiya da abin da ya tare masa hanya. Sauran yinin kan tafi wajen karanta abin da wasu suka rubuta shekaru da suka wuce, bin diddigin ƙorafin da ya taso daga wani reshe, da rubuta gwaje-gwaje.

Gyaran layi biyar na iya ɗaukar mako biyu kafin ya isa wayoyin jama’a. Sai abokin aiki ya duba ya amince. Sai masu gwaji sun gwada a kan kwamfutocin gwaji da kuɗin bogi. Sai masu tsaro sun bincika. Sai kwamitin da ke amincewa da sauye-sauye ya sa hannu, bayan an nuna masa yadda za a koma tsohon tsari idan sabon ya ba da matsala. Ita kanta ɗora sabuwar manhajar galibi da tsakar dare ake yi ko a ƙarshen mako, lokacin da masu hada-hada suka ragu. Saƙon da banki ke turowa cewa za a dakatar da aiki daga ƙarfe 12 na dare zuwa asuba, a bayansa akwai injiniyoyin da suka kwana ido biyu.

Akwai kuma zaman ko-ta-kwana. Makon da ya faɗo kan mutum, wayarsa ba ta mutuwa, ko ranar Sallah ce. Ƙarshen wata da ake biyan albashi da jajiberin bukukuwa su ne lokutan da kwamfutoci suka fi shan lodi, kuma ba a fafe gora ranar tafiya: tun kafin lokacin ake gwada ko za su iya ɗauka.

Idan abu ya lalace

Mutanen Kaduna ba za su manta da farkon shekarar 2023 ba. Babban Banki ya sauya fasalin takardun naira 200, 500 da 1,000, tsabar kuɗi ta yi ƙaranci, har gwamnatin Jihar Kaduna tare da na Kogi da Zamfara suka kai gwamnatin tarayya Kotun Ƙoli. Cikin ’yan makonni, daga mai shayi zuwa mai keke-napep zuwa ’yan kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, kowa ya koma karɓar kuɗi ta waya. Manhajojin bankuna da dama sun yi ta sarƙewa domin lodin ya zarce abin da aka tanada. A wannan lokacin ne kamfanoni irin su OPay, PalmPay da Moniepoint suka samu karɓuwa sosai a wurin ’yan kasuwa, saboda turawarsu na shiga da sauri. Aikin injiniya ne ya raba gardama a kasuwa.

A shekarar 2024 kuma manyan bankuna uku suka sauya uwar manhajarsu: GTBank ya koma Finacle, Zenith ya koma Flexcube, Sterling kuma ya koma SeaBaaS, wadda a Najeriya aka gina ta. Irin wannan ƙaura na nufin kwashe bayanan miliyoyin asusu daga tsohon tsari zuwa sabo ba tare da kwabo ɗaya ya ɓata ba. Masu asusu da yawa sun sha jira a kwanakin, abin da ke nuna nauyin aikin ko a wurin manyan da suka daɗe a harkar.

A ƙasashen waje ma haka abin yake. A ranar 1 ga Agusta, 2012, kamfanin Knight Capital da ke cinikin hannun jari a Amurka ya ɗora sabuwar manhaja, amma ɗaya daga cikin kwamfutocinsa ta ci gaba da aiki da tsohuwa. Cikin kusan minti 45 kamfanin ya yi asarar dala miliyan 440. Irin wannan labari ne ya sa bankuna ke tsaurara matakai a kan kowane ɗan gyara.

Amana da doka

Injiniyan banki yana kusa da sirrin mutane: lambar BVN, wadda aka ƙaddamar a watan Fabrairun 2014, da lambar waya, da adireshi, da abin da ya shiga da abin da ya fita. Saboda haka ba a ba shi mabuɗin komai. A tsarin da ya dace, wanda ya rubuta manhaja ba shi ke ɗora ta ba, wanda ya shigar da umarni ba shi ke amincewa da shi ba, kuma duk wanda ya buɗe bayanin wani asusu kwamfuta na rubuta sunansa da lokacin da ya buɗe.

Leƙa asusun budurwa ko na maƙwabci don son sani kawai laifi ne da kan jawo kora. Dokar Laifukan Intanet ta 2015 da Dokar Kare Bayanai ta 2023 duk sun shafi mai wannan aiki kai tsaye. Masu damfara ma sun san sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, don haka sukan nemi ma’aikacin ciki da tayin kuɗi. Wannan ne ya sa bankuna ke binciken halin mutum da neman masu tsaya masa kafin su ɗauke shi.

Inda ɗan Arewa ke da abin faɗa

Matasa da yawa a Arewa sukan yi tambaya game da aiki a wurin da ake mu’amala da kuɗin ruwa, kuma tambaya ce da ta kamata a kai wa malamai. A ɓangaren fasaha dai, akwai bankunan da ba sa ta’ammali da ruwa. Jaiz ya fara aiki a watan Janairun 2012 da rassa uku a Abuja, Kano da Kaduna. TAJBank ya biyo baya a 2019, Lotus kuma a 2021. Manhajar irin waɗannan bankuna daban take lissafi. A cinikin Murabaha, banki ne ke sayen kaya ya sayar wa mutum da ribar da aka amince da ita tun farko, don haka dole manhaja ta rubuta saye da sayarwa da jadawalin biya, ba ta lissafa ruwan da ke hauhawa ba. Injiniyan da ya haɗa sanin kwamfuta da fahimtar waɗannan ƙa’idoji yana da abin da ba kowa ke da shi ba.

Haka ma sanin yanayin masu amfani. Wanda ya taso inda sabis ke rawa, inda mutane da yawa ke riƙe da ƙaramar waya, inda dattijo ke buƙatar a karanta masa saƙon Turanci, ya fi saurin gane inda manhaja za ta ba mutane wahala.

Daɗinsa da ɗacinsa

Babban banki na ba da albashi a kan kari, inshorar lafiya, fansho da horo. Yana kuma ba da damar aiki a kan tsarin da miliyoyin mutane ke amfani da shi, abin da ƙaramin kamfani ba zai iya bayarwa ba. Ɗacinsa shi ne yawan takardu da jiran sa hannu, tsofaffin manhajoji masu wuyar sha’ani, da kiran tsakar dare. Ba kuma kowane mai aiki a banki ne ma’aikacin bankin ba. Wasu ta hannun kamfanonin kwangila ake ɗaukarsu, kuma haƙƙoƙinsu ba ɗaya ba ne da na cikakken ma’aikaci, don haka yana da kyau a karanta takardar ɗauka da kyau kafin a sa hannu.

Sai batun wuri. Rassan da ke jere a titin Yakubu Gowon da Ahmadu Bello a Kaduna wuraren hulɗa da jama’a ne. Rubuta manhaja a hedikwata ake yi, kuma galibin hedikwatocin suna Legas, wasu kamar ta Jaiz da TAJBank suna Abuja. Kamfanonin fasahar kuɗi sun fi bankuna sassauci wajen barin mutum ya yi aiki daga gida, amma mai yin hakan daga Kaduna sai ya tanadi wutar da ba ta yankewa da layin intanet fiye da ɗaya.

Hanya daga Unguwar Rimi

Matashin Unguwar Rimi bai yi nisa da wuraren koyo ba. Jami’ar Jihar Kaduna na kan titin Tafawa Balewa, Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna na cikin gari, Jami’ar Ahmadu Bello na Zariya, kuma duk suna koyar da kimiyyar kwamfuta. A tsallaken kogi, a Barnawa, akwai CoLab, cibiyar da Sanusi Ismaila ya kafa a 2016, inda matasa masu koyon rubuta manhaja ke haɗuwa. Akwai kuma shirin 3MTT na gwamnatin tarayya da aka fara a 2023 don horar da matasa a fannonin fasaha. Bankuna kan nemi digiri ko HND da takardar NYSC ga masu shiga ta shirin horar da sababbin ma’aikata, yayin da kamfanonin fasahar kuɗi suka fi duba abin da mutum ya taɓa ginawa.

Ana iya farawa da waya. Manhajar Termux na ba da damar gudanar da Python a kan Android, kuma darussan SQL na kyauta sun cika intanet. Amma kafin a kai ga neman aiki, kwamfutar tafi-da-gidanka ta zama dole, ko da ta hannu ce. Tsarin da ya fi dacewa shi ne a riƙe harshe ɗaya, Java ko C# ko Python, har a ƙware, a haɗa da SQL, da Git don adana aiki, da Turancin karatu da rubutu domin da shi ake aikin, sai kuma ɗan ilimin akanta. Wanda ya san bambancin shigar kuɗi da fitarsu a littafin lissafi ya sha gaban wanda ya san harsuna biyar amma bai san wannan ba.

Aikin gwaji mafi amfani shi ne wanda ya yi kama da na banki. Adashi misali ne mai kyau: mutum 10, kowa na zuba naira 2,000 duk mako, ana kwasa bi da bi. Mai koyo ya rubuta manhajar da za ta riƙe wannan lissafi da kwabo, kowane zubi da gefensa biyu, babu gogewa. Sannan ya gwada ta da mugunta: ya aika zubi ɗaya sau biyu, ya kashe data ana tsakiyar aiki, ya sa mutum biyu su yi kwasa a lokaci guda. Paystack da Flutterwave suna da yanayin gwaji kyauta inda ake biya da katin bogi, ana iya haɗa manhajar da ɗayansu.

Idan bayan duk wannan lissafin ya fito daidai, sai a ɗora aikin a GitHub tare da gajeren bayanin matsalolin da aka gamu da su da yadda aka magance su. Tambayar da mai ɗaukar aiki a banki zai yi ita ce wadda mai shagon titin Isa Kaita ke yi wa abokin cinikinsa kullum: idan an cire kuɗi kuma ba su shiga ba, ina suke, kuma yaushe za su dawo? Wanda manhajarsa ke da amsar wannan tambaya ya kama hanyar aikin.